Ci In Gani

Duk unguwarmu ba mai kiran yayana da sunansa. Kuku ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Ni kaɗai ke ce masa Yaya, don shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma a hannunsa na fara sanin abinci yana da daɗi.

Tun yana saurayi ya shiga kicin ɗin wani otal da ke bakin babban titi. Da wanke tukwane ya fara, ya koma yankan albasa, har ya zama shi ne babba, furfura ta same shi a gaban murhu. Ba ya awon gishiri. Zai ɗiga miya a tafin hannu, ya lasa, ya kanne ido ɗaya ya ce, "Saura kaɗan." Kuma saura kaɗan ɗin ne. Duk kicin ɗin ba wanda ya isa ya sa cokali a tukunyarsa, ko da manaja ne.

Akwai wata 'yar taga a jikin ƙofar kicin ɗin. In an fita da abinci, nan yake maƙalewa yana leƙen mai ci. Ya sha gaya min, "Auta, kada ki tambayi mutum ko abinci ya yi daɗi, baki maƙaryaci ne. Ki dai kalli fuskarsa a lomar farko." Tawa fuskar kuwa ya haddace ta tun ina zama a cinyarsa. Cewa yake ba ta da labule.

Bara ya yi wata muguwar mura da ta kwantar da shi. Ya tashi, ya koma aiki, muka gode wa Allah. Daga nan ne ya fara rigima da kayan lambu.

A ƙarshen layinmu akwai babban kanti, irin wanda kake ɗaukar kwando ka zaɓi kayanka da kanka. Can Yaya ke sayayyar gida. Abarba ya fara mayar musu, ya ce lami ce. Aka canza masa. Ya mayar da mangwaro. Ya mayar da tumatir, wai ruwa ne aka yi wa jan fenti. Ranar da ya mayar da citta, matarsa ta kira ni a waya.

"Ki zo ki yi wa yayanki magana. Abarbar nan fa na sha, lafiyarta ƙalau."

Na ce, "Anti, ke da kike zuba sukari cokali huɗu a shayi, yaushe kika san zaƙin abarba?"

Ta ce, "A wurin aiki ma ana ta dawo masa da faranti. Yau gishiri ya yi yawa, gobe yaji ya hana ci. Manaja ya ce in aka ci gaba a haka, mataimakinsa zai karɓi tukunya."

Raina ya ɓaci, amma ba da Yaya ba. Ni tela ce, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ya fi almakashina kaifi. In aka taɓa Yaya ba na tsayawa jin ba'asi. Na yanke hukunci nan take: kayan zamani ne suka lalace, taki ya kashe musu ɗanɗano, ga bawan Allah yana ta fama da su a tukunya ana ɗora masa laifi.

Wata Asabar da safe sai ga shi a ƙofar shagona, rungume da rabin kankana a leda. Ya rame. Rigarsa da na ɗinka masa da hannuna tana reto a kafaɗa.

"Auta, tashi ki raka ni. Sun ce ba za su ƙara karɓa ba. Ke kike da baki."

Na ajiye ɗinkin mutane na ja mayafi. A hanya yana ta bayani. Ya ƙwanƙwasa ta kafin ya saya, ta amsa masa da kyau. Ya duba gefen da ta kwanta a ƙasa, rawaya ne. Ya yanka, ja wur. Ya kai baki, kamar ya tauna soso. Ya ce, "In kankana ta iya yi min ƙarya haka, ina ga tumatirin da ake kawo mana otal? Shi nake son manaja ya gane."

A nan na fahimci ba kankana ya ɗauko ba, shaida ya ɗauko. In kanti suka amsa laifi, yana da abin faɗa wa manaja.

Sashen kayan lambu yana can ƙurya, inda sanyin firji ke dukan ƙafa. An jera lemo da ayaba tsibi-tsibi, ana yayyafa wa latas ruwa. Matar da ke wurin, wadda muke kira Mai Sikeli, dattijuwa ce gajera mai koren gaban-riga. Tana hango mu ta ajiye ledar hannunta, na ga kafaɗunta sun sauka.

Ban ko bari ta gama amsa gaisuwa ba. Na dire kankanar a kan teburinta na ce, "Baiwar Allah, ku ji tsoron Allah. Mutum ya shekara yana sayayya a wurinku, ku riƙa haɗa shi da ruwan famfo mai ɓawo? Kun san waye wannan kuwa? Kafin a aza tubalin kantin nan yake ciyar da mutane!"

Masu kwanduna suka fara waiwaye. Ni kuwa daɗa min ƙarfi ya yi.

Mai Sikeli ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Yaya ta ce, "Baba Kuku, wallahi ba rowa ba ce. Duk abin da ka dawo da shi na canza maka ba musu. Mai kanti ne ya ce in daina, sai in abu ya ruɓe."

Yaya ya ce, "Ban ce ta ruɓe ba. Lami ce."

Na ce, "To ki sha mana, in kina da gaskiya!"

Ta ɗauko wuƙa, ta yanko tsakiyar, amma ba ta kai bakinta ba. Ni ta miƙo wa. Ta ce a hankali, "Ke ki sha, 'yar'uwa. Ni in na faɗa, za a ce kantinmu nake karewa."

Na fizge, na gatsa, ina shirin tofarwa a gabanta kowa ya gani.

Zaƙi ne ya cika min baki. Irin kankanar nan ce mai yashi-yashi, wadda ke narkewa kafin haƙori ya gama shiga. Rabon da in sha irinta har na manta. Ruwanta ya gangaro min a haɓa. Na yi sauri na haɗe rai, na ce, "Ai kuwa... ba ta da wani..."

Na makara. Yaya ba bakina yake saurare ba, fuskata yake kallo, da idon nan da yake leƙen taga. Lomar farko ta riga ta wuce.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ga Mai Sikeli ya ce, "Abarbar fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Mu muka sha ta a bayan kanti, da ma'aikata."

"Da mangwaron?"

Ta gyaɗa kai.

Ya miƙa hannu kan tsibin lemun tsami da ke gefensa, ya zaɓi kore shar. Ya karɓi wuƙarta ya raba shi biyu, ya matse rabi a bakinsa. Ni da ke kallo yawuna ya tsinke, haƙorana suka mutu. Shi ko gira bai motsa ba. Ya matse ɗaya rabin. Ya shinshina ɓawon, ya sake shinshinawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa.

Ya ce, "Ki auna lemon nan, zan biya." Ya ƙara da cewa, "Ki yafe ni. Na ɗauki alhakinki."

Ta ce, "Haba Baba, ba komai," tana goge ido da bayan hannu.

Ya ɗaure kankanarsa a leda ya rungume. Muka taka har ƙofar gidansa. Sai da zai shiga ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ashe mutanen da ke dawo da faranti suna da gaskiya."

Mun kai shi asibiti. Likita ya ce murar ce ta taɓa masa ɗanɗano da jin ƙamshi, yana iya dawowa, yana iya ƙi dawowa, a yi haƙuri a gani. Na roƙi Yaya ya rufa wa kansa asiri, ya riƙa sa mataimakin yana ɗanɗana masa a ɓoye har Allah ya kawo sauƙi. Ya dube ni kamar na zage shi. Da ƙafarsa ya je ya gaya wa manaja. An yi masa tayin ya zauna yana kula da sito, ya ce shi ba mai gadin buhu ba ne. Ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma ya dawo gida.

Yanzu kullum yana zaune a barandarsa. Yana cin abinci kamar mai shan magani, don Anti ta tsare shi. Wuƙaƙen dai yana wasa su duk mako, ban san don wa ba. Haushin abin bai bar ni ba har yau, kuma na rasa wanda zan yi wa masifar.

Amma bai daina zuwa kanti ba. Hannunsa da kunnensa suna nan. Yakan zaɓo abu, ya biyo ta shagona, ya share ƙyallaye daga kan teburina, ya yanka, ya turo min gaba. Shi ba ya taɓawa.

"Ci in gani."

In ya yi daɗi, sai in ga ya kanne ido ɗaya, har ya haɗiyi yawu. Da fuskata yake ci.

Makon jiya ya kawo kankana. Ja wur, ta amsa ƙwanƙwasa, komai ya yi. Na gatsa, sai na ji ta lami, lamin gaske, kamar ruwan randa. Na yi ƙoƙarin murmushi. Ya girgiza kai.

"Kada ki wahalar da kanki, Auta. Na gani."

Na ce, "To ai wannan kam da gaskiyarka. Tashi mu mayar musu, yau sai sun ji bakina."

Ya goge wuƙarsa a hankali, ya ɗaure ledar, ya turo min.

"Ke ki kai," ya ce. "Ni yanzu wa zai yarda da ni?"