Jar Fitilar Da Ta Kusa Mai Da Ni Ɓarawo

Mijin ƙanwata ya kira ni ɓarawo a gaban wadda ke ba ni aiki, kuma ko an sa ni a kabari ba na jin zan manta da wannan rana. Abin haushin, ni na kai masa aikin da hannuna.

A lokacin ina tuƙa wata likitar dabbobi a nan Jalingo. Dokta muke ce mata. Motarta a-kori-kura ce, a baya an ɗaure ƙaramin firij da muke ɗaukar allurar rigakafin shanu zuwa rugage. Firij ɗin da batirinsa daban, sai wata caja kamar tafin hannu a bayan kujera, tana ɗebo wuta daga batirin gaba tana cika na baya idan mota na tafiya. Da Dokta ta sayo kayan, ni na ce ina da mai wayarin mota a Yelwa, ɗan gida ne, mijin ƙanwata. Shi ya haɗa.

Wata biyu lafiya lau. Ran nan da damina, da hantsi, mun ɗauki allurai za mu fita ta Kachalla Sembe, na waiga na ga koriyar fitilar cajar ta koma ja, tana ƙyaftawa. Dokta ta sa hannu a firij ta ce sanyin ya fara guduwa. Allurar nan idan ta ji ɗumi ta zama ruwan banza, ga Fulani sun tara shanu tun safe suna jiranmu. Muka juya sai shagonsa.

Ko durƙusawa bai yi ba. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa batirin da sukundireba, ya ce, "Dokta, ni sabon batir na sa miki. Wannan kam ba shi ba ne. Sai dai a tambayi wanda mota ke kwana a hannunsa."

Na ce, "Kai, ni kake nufi?"

Ya ce, "Hamma, ni ban kama suna ba."

Hamma, wai yayansa ke nan. Dokta ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi in kai mata makulli bayan la'asar, za ta yi tunani. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa matar nan, ko allurar ɗinki ba ta taɓa ɓata a motarta ba.

Na sauke ta a ofis, na wuce wajen masu ƙanƙara a Mayo Gwoi, na juye alluran a kula na danne da ƙanƙara. Sannan na faka a gindin mangwaro na zauna ina kallon fitilar, don ban san ta inda zan fara ba. Ni ba makaniki ba ne, makaranta ma a aji biyar na tsaya. A zaman nan na lura ba ƙyaftawar hauka take yi ba. Sau uku, ta tsaya. Sau uku, ta tsaya. Na ƙirga ya fi sau ashirin, ba ta canza ba.

A jikin cajar akwai sitika mai sunan shagonsa, ya manna ta ɓaro-ɓaro kamar yadda yake manna wa duk abin da ya taɓa. Don haushi kawai na sa farce na ɓare ta. Ashe rubutun kamfani ya rufe. Layi-layi ne da Turanci, kowane layi da adadin ƙyaftawa da abin da take nufi. Na ɗora yatsa ina bi harafi-harafi, gumi na zuba mini. Layi na uku bai ambaci batirin baya ba sam. Cewa ya yi wutar da ke shigowa daga gaba ta yi kaɗan, a duba waya.

Na cire riga na shiga ƙarƙashin mota, na kama wayar tun daga batirin gaba ina binta da hannu. Kauri gare ta kamar ɗan yatsa. Daidai tsakiyar mota na ji dunƙulen baƙin salatif, da zafi kuma. Na warware. Wayar kirkin ba ta kai masa baya ba, sai ya ƙarasa da siririyar wayar wutar gida, ya murɗa su da hannu ya naɗe. Ruwan rafukan da muke tsallakawa ya shiga, mahaɗin ya yi tsatsa kore shar, rabin silin ya ƙone.

Na shiga kasuwa na samo waya mai kauri, wani dattijo mai gyaran janareta ya matse mini bakinta. Na dawo na cire tsohuwar na ɗaura sabuwar, na tada mota. Fitilar ta yi ja sau ɗaya, ta koma kore, firij ya ɗauki gurnani. Na kwashe alluran daga kula na mayar da su firij.

Kafin la'asar na kai wa Dokta makulli da guntun wayar. Ta juya ta a hannu, ta je ta taɓa firij, ta miƙo mini makullin da wayar ta ce, "Gobe da sassafe za mu ruga." Haƙuri ba ta ba ni ba, har yau ina jin wannan a raina. Amma alluran sun tsira, sunana ma ya tsira. Tun daga ranar na koyi in abu ya lalace in bi wayarsa da hannuna kafin in saurari bakin kowa, ko da na gida ne.

Daga nan shagonsa na nufa. Yana zaune da abokansa suna cin gyaɗa. Na ajiye masa wayar a cinya na ce, "Kuskure kowa na yi. Da ka ja ni gefe ka ce, Hamma, waya ce ta gaza mini na yi dabara, da ni zan kwanta a ƙarƙashin motar nan in rufa maka asiri. Amma ka ga ya fi maka sauƙi a kore ni da sunan sata. Gidana za ka ci gaba da shiga, albarkacin ƙanwata da 'ya'yanta. Motar da nake tuƙi kuwa, ko ƙwan fitilarta ba za ka sake taɓawa ba."