Malama 'Yar Indiya da Kunyar Ɗiyar Fari

A shekarun da naira ta fara shiga hannun mutane, aka kawo mana wata malama 'yar Indiya nan Tsafe, tana koyar da Turanci. Gidanta na bayan katangarmu. Ni ba mai fita ba ce, amma kunnena yana fita. Da safe ina jin ta tana cinikin nono, tana cewa "albarka" alhali ita ce mai saye, Bafulatanar na dariya har ƙwarya na rawa.

Ɗiyata ta fari tana ajinta. Wata la'asar sai ga Malama ta yi sallama, ta zauna bisa tabarma, ta kama sunan yarinyar ɓaro-ɓaro. Ta ce duk ajin babu kamarta, tana so ta sa ta jarrabawar kwalejin horon malamai a Gusau. "Inna, kin yarda?"

A gaban uwar mijina fa! Mu kuwa ɗiyar fari ba a kama sunanta, ba a yabonta, ko kallo sai an sata. Na duƙar da kai ina tsintar shinkafa, na ce, "Wa? Waccan raguwar?"

Malama ta tashi jiki a sanyaye. Washegari yarinyar ta dawo daga makaranta da kuka, wai Malama ta ce ba za ta sa ta ba, tunda uwarta ba ta so. Uban ya tafi fatauci, uwar mijina kuwa cewa ta yi, "Ke kika ɓata, je ki gyara."

Na yafa mayafi na zagaya. Na tarar da ita tana gyaran littattafan yara. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Can na hango hoton wani mai gashin baki a bango.

"Malama, wane ne wanga?"

"Maigidana."

"Mi sunanshi?"

Sai ta rufe baki da gefen zanenta tana dariya. "A'a, Inna! A garinmu mace ba ta faɗi."

"Ashe ba ki son shi?"

"Ina so mana!"

"To, ni ma akwai wata ɗiyar mutane a ɗakina da ban iya faɗin sunanta."

Ta kalle ni, sannan ta dafe kai. "Wayyo, Inna! Raguwar?"

"Ita fa. A sa ta."

Aka sa ta. Ranar da sakamako ya fito ina tsakar gida ina tankaɗe, uwar mijina na kaɗi, sai muryar Malama ta tsallako katanga: "Inna! Ɗiyar mutane ta ci!"

Na ce, "Allah Ya taimaki iyayenta," ban ko ɗaga kai ba. Sai da na ƙare tankaɗena tsaf, na shiga ɗaki, na tusa fuska cikin matashi, na rangaɗa guɗa.