Bandejin Da Na Naɗa Wa Ɗana

Ko zan manta da komai a zamana na Agege, ba zan manta da makon da aka yi wa ɗana aikin ƙaba ba, don a makon ne bakina ya kusa jawo wa jikan wani bala'i.

Shekarar yaron biyar a lokacin. In ya yi kuka ko tari sai matsematsinsa ya kumbura. Likita ta ce hanji ne ke zurarowa, sai an yi aiki. To ni Allah ya yi ni da zuzuta labari. In na ga ɓera a Mile 12, inda nake sayar da albasa, kafin motar danfo ta sauke ni a gida ya zama ɗan akuya. Haka na bi teburin mai shayi da masallacin unguwa ina shelar za a farke cikin ɗana tun daga nan har nan. Liman har addu'a ta musamman ya ja mana.

Da safe aka yi aikin, da yamma aka sallame mu. Na ɗaga rigar yaro, sai 'yan filasta uku, kowace ba ta fi kan yatsa ba. Likitar ta ce ta cibiya suka zura 'yar kyamara, suka ɗinke wurin ta wasu ƙananan huji biyu. Matata tana ta hamdala, ni kuwa ina tunanin da wane ido zan kalli 'yan dubiya.

Kwana biyu, ga yaro yana neman fita wasa. Sai na sayo bandeji na naɗe shi daga ƙirji har ƙugu, muka ƙulla yarjejeniya: da ya ji sallama ya kwanta ya hau nishi, duk lemon da aka kawo nasa ne. Uwarsa ta ja tsaki ta ce babu ruwanta. Yaron kuwa ya fi ni iya wasan, har da lumshe ido.

Ran nan ɗaki cike da mutane, har da liman, sai ga wani dattijo ɗan Nijar da ke gadi a Ogba. Ya zauna ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya girgiza kai.

Ya ce, "Jikana ma haka nasa ke kumbura. Lokotoro ya ba mu ranar Litinin. Amma in haka ake yi wa yaro, wallahi na fasa. Gara in jiƙa masa sassaƙe."

Ni kuwa likitar ta gaya mini in hanjin ya maƙale yana iya kashe yaro. Kunya ce a gabana, ran ɗan mutane a baya. Na ce wa ɗana ya tashi ya zauna. Maimakon haka sai ya ƙara ƙarfin nishi, ya buɗe ido ɗaya.

Ya ce, "Baba, ai ba su tafi ba tukuna."

Da hannuna na shiga warware bandejin, ina warwarewa ina zufa, shi kuma ya ƙi ƙarewa. Da filasta ukun suka bayyana, liman ne ya fara dariya, har ya dafa bango. Dattijon bai yi dariya ba. Ya matso ya duba cikin da kyau, ya sa yaron ya taka zuwa ƙofa ya dawo, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ake buɗe asibitin.

Ranar Litinin ni na raka su. Har yau a unguwa Mai Bandeji ake ce mini, kuma na haƙura da sunan, don ni na saye shi. Abin da na koya shi ne, duk gishirin da ka zuba wa labarin ciwo, akwai mai irin ciwon da ke zaune yana sauraro, kuma da maganarka zai yanke shawara.