Inda Tafiyar Yaya Audu Ta Tsaya

Ranar da safe ina zauren yayana Audu, muna shan koko. Lokacin yankan dawa ne. Unguwarmu 'yar ƙarama ce, yamma da Lakwaya. Yaya yana yi mini tsiyar da ya saba: wai na zauna Kumasi, na zauna Khartum, na iya yaren kowa, amma ban iya riƙe garma ba. Shi bai taɓa kwana a wani gari ba. Ko kasuwar Gwarzo ya je, kafin la'asar yana gida.

Da hantsi muka ji ƙarar babura daga yamma. 'Yan bindiga ne, suna da yawa. Sai harbi. Wani ya ƙwala ihu: "Ku fita! Ga su nan!"

Muka bi ta bayan gida, muka faɗa cikin dawa. Mata suna gaba da goyo. Na riƙe hannun Yaya saboda ciwon gwiwarsa. A bayanmu ana dukan ƙofofi, awaki suna kuka. Can hayaƙi ya tashi.

A bakin rafi muka tsaya, a nan kuma mutane suka rarrabu. A Chadi na taɓa ganin masu gudun yaƙi sun ƙetara iyakar ƙasa, ba su san kowa a gabansu ba. Namu ba haka suke ba. Mai 'ya a Gwarzo ya nufi Gwarzo. Wanda ba shi da kowa a ko'ina ya zauna a gindin giginya, don kunyar sauka a gidan da ba a san shi ba. Ni 'yata tana aure a Gude, ƙasar Kabo. Na ce can za mu.

Yaya ya zare hannunsa.

"Gude? Shanuna suna ɗaure a turke, ko ruwa ban ba su ba. Wa zai ɗauki alhakinsu?"

"Yaya, don girman Allah."

"Kai ka saba barin gida, Alhaji. Yi gaba da matan gidanmu. In na kwance su zan biyo ku."

Na kama rigarsa, ya fizge. Ni ƙane ne, ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar ma ban iya ba. Ya koma cikin dawa yana ɗingishi. Ina kallon karan yana motsi har ya daina.

Na jira har rana ta take. Wajen azahar aka sake yin harbi, sannan shiru. Matan suka fara kuka, na tasa su gaba. A titi wani mai a-kori-kura ya kwashe mu. Ana kiran magariba muka shiga Gude.

Washegari, bayan jami'an tsaro sun shiga, muka koma. Mutum huɗu muka yi wa sallar jana'iza, har da Yaya. Yaya mun same shi a bakin turke, bokitin ruwa a kife kusa da shi. Shanun babu. Igiyoyin ba yanka su aka yi ba. Kwance su aka yi, aka naɗe su tsaf, yadda yake yi.