Abokin Kawu Ɗan'azumi

Kawuna Ɗan'azumi, yayan mahaifiyata, bai taɓa noma albasa ba, amma duk wanda ya san harkar albasa a Adjamé ya san shi. Shi mai gida ne. Fatake su taso daga Galmi da Madawa ta ƙasar Nijar da kaya, su sauka a gidansa na Adjamé Liberté, ya ba su ɗaki da abinci, ya sauke buhunansu a magazansa, wato sitonsa da ke bayan Kasuwar Guro, ya raba wa masu saye bashi, ya bi kuɗin ya tara, ya cire la'adarsa ya miƙa wa mai kaya sauran. In mai saye ya gudu ko ya mutu, ba ruwan baƙo, mai gida ne zai biya. Haka ya gaji sana'ar a hannun wanda ya riƙe shi lokacin da ya zo Abidjan yana saurayi mai dako, haka kuma ya yi ta shekara da shekaru, ba takarda ba sa hannu. Jarinsa duka maganar bakinsa ce da wannan gida.

A gidan na tashi bayan rasuwar mahaifina. Ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida, famfo a tsakiya, kuma komai na ciki warin albasa yake, har kayan makarantarmu. Matarsa, Inna Zalihatu, ba ta taɓa sanin yawan mutanen da take dafa wa abinci ba, sai dai ta ɗora babbar tukunya ta ce Allah ya sa ya isa. Shi kuwa Kawu mutum ne mai son a gan shi tsaf. Ko zuwa magaza zai yi a tsakiyar damina, cikin taɓon Adjamé da hayaƙin motocin haya na gbaka, sai ya sa riga mai sitati ya fesa turare. Faransancinsa bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, amma da shi yake rigima da matan Kasuwar Guro har su rabu suna dariya. Shi ya biya mini makaranta, lakwal kamar yadda yake cewa, har na gama, na samu aiki a wani kamfanin inshora a Treichville. Ina son mutumin nan, kuma har yau in na tuna abin da ya yi wa kansa raina ɓaci yake.

Abin ya faro ne a shekarar da hanya ta lalace, motoci suka riƙa daɗewa a kan iyaka. Albasa ba ta jira. Kafin kaya su iso rabi ya tsiro, rabi ya yi ruwa, ga ta Turai ta cika kasuwa da arha. Ana cikin haka wani babban mai saye da Kawu ya daɗe yana ba kaya ya rufe shago ya ɓace da kuɗin mutane. Kawu bai gaya wa kowa ba. Ya ɗebi kuɗin wannan baƙo ya sallami wancan, ya ɗebi na gaba ya toshe na baya. Da ramin ya fi ƙarfin haka sai ya je wajen masu ba da bashi da ruwa, waɗanda a nan ake ce wa marguya, wato ƙadangaru. Tun daga nan kuɗi ya riƙa haihuwa a kansa yana barci yana farke. Abin da ya rage masa a duniya gidan ne, kuma marguya sun fara tambayar takardarsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutanenmu suna da hanyar fita daga irin wannan. In mai gida ya karye, yakan tara masu kaya da dattawa ya faɗa da bakinsa cewa ya gaza. Sai a zauna a duba abin da ya rage, a yafe wani, a jinkirta wani, a ci gaba da kawo masa kaya har ya miƙe, kuma ba a taɓa gidan da yake sauke baƙi. Sharaɗin ɗaya ne, shi zai fara magana. Ba mai kayan da zai ce wa mai gida ya yafe masa alhali bai ce ya gaza ba, don daidai yake da shelanta wa kasuwa cewa maganarsa ta mutu. Kawu ya sha zama a irin wannan taro don wasu, kuma shi ne kullum farkon mai cewa a yafe. Amma ya kuma ga abin da ke biyo baya. Mutum yana nan da gidansa, sai dai in an zo ɗaurin aure ko rabon gado ba a fara neman ra'ayinsa, kuma in baƙo ya tambayi gidansa sai a ce, ai wanda aka yafe wa.

Wata ranar Asabar ya hau tasin woro-woro ya haye gada ya zo inda nake haya a unguwar Arras ta Treichville, abin da bai saba ba. Ya sha ruwa, ya yaba labulena, ya tambayi aiki sau biyu, sannan ya gyara zama ya ce yana da wani aboki, mutumin kirki, ɗan kasuwa, wanda bashi ya yi wa katutu. Ya zayyana mini komai, kayan da suka ruɓe, mai sayen da ya gudu, marguya, har gida mai ɗakunan baƙi. Ya ce tun da ni na yi boko, in bincika masa abin da dokar ƙasar nan ta tanada wa wanda ya karye.

Ni haihuwar Abidjan ce, bakina bai iya zagaye-zagaye ba. Na dube shi na ce, “Kawu, kai ne ko?”

Fuskarsa ta canza. Ya ce, “Rahama, haka anka koya muku a lakwal? A kawo miki maganar mutum ki ɗora ta bisa kaina?”

Na ba shi haƙuri don girmansa, ba don na yarda ba. Duk da haka na kai maganar wajen wani aboka, wato lauya, da kamfaninmu ke aiki da shi. Ya saurare ni tsaf, ya ce doka ta tanadi hanyoyi ga ɗan kasuwar da ya kasa biya, kotu tana iya shiga tsakani a tsara masa biya da sauƙi, amma sai ya ga takardu, kuma sai ya san ko mutumin yana da rajistar kasuwanci. Na ce ba ko ɗaya. Ya ce to abin da ya fi masa shi ne ya tara masu binsa su sasanta tun da wuri, kuma ko da wasa kada ya miƙa wa marguya takardar gida. Da zan fita ya ƙara da cewa, abokin nan ya zo da kansa, ba a yi wa mara lafiya allura a jikin maƙwabcinsa.

Na kai wa Kawu saƙon ba ragi. Ya gyaɗa kai, ya ce zai gaya wa abokin, amma mutum ne mai kunya.

Daga nan ya shiga yawo da abokin nan nasa. Ya kai shi wajen limamin unguwa, liman ya ce bashi ba abin kunya ba ne, ya fito ya faɗa. Ya kai shi wajen wani tsohon mai gida da ya daina sana'a, shi ma haka. Kowa ya ba abokin shawara mai kyau, kuma shawarar iri ɗaya ce. Kawu ya yi godiya a madadinsa, ya koma gida ya sa a ƙara nama a miya don kada baƙi su ga alama. Inna Zalihatu ta sayar da awarwaronta a ɓoye. Da na matsa mata sai ta ce ita ba ta san komai ba, amma ta san mutumin da yake juyi a shimfiɗa.

Ana haka Alhaji Nomau ya iso daga Galmi. Shi ne babban baƙon gidan, tun suna samari yake sauka wajen Kawu, kuma shi ya fi kowa yawan kuɗi a hannunsa. Abin mamaki, wannan karon bai zo da kaya ba. Ya ce ido ya zo a duba masa. Aka duba idon, aka ba shi magani, bai tafi ba. Kullum bayan la'asar sai ya sa a shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya kori kowa da dabara, su zauna daga shi sai Kawu, ya yi ta jan hira a kan yadda shekarar ta karya manyan mutane. Kawu kuwa ya yanka masa rago da kuɗin bashi.

Ina gidan ranar da maganar ta kusa fitowa, ina taya Inna tsinke ganye a bakin madafa, muna jin su. Kawu ya yi gyaran murya, har na ajiye abin da ke hannuna. Sai na ji ya ce yana da wani aboki. Na ji kamar in yi ihu.

Alhaji Nomau ya saurari labarin har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, “Maigida, ka ce ma abokin nan naka ya taho ya zamna nan inda kake zamne, ya hwaɗi da bakinai. Ni Nomau na yi alkawali ba ya jin kunya.”

Kawu ya dubi tabarma. Ya ce, “Ya yi tahiya, Alhaji.”

“In jira shi?”

“Ba ya dawowa da wuri.”

Alhaji Nomau ya ƙara kwanaki kaɗan, sannan ya koma gida.

Bayan tafiyarsa ba da daɗewa ba Kawu ya sayar da gidan. Wani mai gina shaguna ya saya, kuma da yake ya ga ana sauri, ya taya yadda ya ga dama. Sai da aka gama ciniki muka ji. Na je na yi masa magana irin wadda ban taɓa yi wa babba ba, na ce ya zaɓi riga mai sitati a kan rufin da ke kan matarsa. Bai yi fushi ba wannan karon, ya ce dai in yi haƙuri. Ya sallami marguya, ya aika wa kowane mai kaya kuɗinsa cif, bai rage wa kowa ko dala ba. A kasuwa aka yi ta yabonsa, ana cewa irin su sun ƙare. Amma mai gida ba gida ba mai gida ba ne. Fatake suka koma sauka wajen wasu, magaza ta koma hannun mai ita, yabon kuma bai wuce wata ɗaya ba.

Na samo musu ciki da falo a Arras, hawa na biyu, kusa da ni. Inna Zalihatu ta rarraba manyan tukwanenta don ba inda za ta ajiye. Kawu ya koma zama a benci a gaban shagon wani tela, yana kallon woro-woro suna wucewa. Yana yin wanka ya sa rigarsa kamar mai shirin fita, ba ya zuwa ko'ina. In ya ji ana maganar farashin albasa sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Da kaka ta zagayo Alhaji Nomau ya dawo da kaya, ya sauka a wani gida a Adjamé, washegari ya nemi inda muke. Da ƙyar ya hau matakala. Ya zauna a falon yana dube-dube, gwiwarsa tana taɓa tebur. Aka gaisa, aka ci abinci, sannan ya ce akwai maganar da ta tsaya masa a wuya tun bara, kuma tun da gida ya riga ya tafi ba sauran abin da zai ɓata. Ya ce ba ido ya kawo shi ba wancan karo. Tun kafin ya taso, su masu kaya sun san komai, don direbobi ba sa riƙe magana. Sun zauna a Galmi sun gama shawara, sun yafe rabi, sauran kuma ya biya a hankali, gida kada a taɓa. Har kuɗin marguya sun yi karo-karo sun haɗa, ya zo da su a jakarsa, suna ƙarƙashin katifar ɗakin da Kawu ya sauke shi. Abin da aka aiko shi ya ji kalma ɗaya ce, kuma ya koma da kuɗin yadda ya zo da su.

Inna Zalihatu ta tashi ta shige ciki. Ni na kasa ɗaga kai, don ban san wa zan fi jin haushi ba, wanda ya ƙi faɗa ko wanda ya ƙi tambaya.

Kawu ya ce, “Da ka ce mini ka sani.”

Alhaji Nomau ya ce, “Da na ce, da ka gahwarta mini?”

Ana haka aka kira la'asar, suka yi salla a nan falon bayan mun jingine tebur a bango. Da baƙon ya ɗauki sandarsa zai tafi, Kawu ya riƙe masa hannu ya ce ina zai je, ai ba a yi haka ba. Ya juya wajen ƙofar ciki ya ɗaga murya ya ce, “Zalihatu, a gyara ma Alhaji ɗaki.”

Ba wanda ya motsa. Ya tsaya yana kallon ƙofar, ƙofar ɗaki ɗaya tak da ke gidan, sannan a hankali ya saki hannun. Ni na raka Alhaji Nomau ƙasa na tsayar masa da mota zuwa Adjamé.