Khalida Mai Jan Biro, Wadda Ta Ƙi Sa Hannu

An kori Khalida daga aiki saboda ta ƙi sa hannu a kan rubutu mai layi uku. Bayan wata biyu, kwantenar kifi ta ruɓe a tashar jiragen ruwa ta Owendo saboda layi ukun nan. Har yau babu wanda ya kira ta ya ce ta yi haƙuri. Mu direbobin tasha muka ce to bari a rubuta, kowa ya ji.

Shekara tara kullum da safe tana hawa taksi daga Nkembo zuwa Louis, ta haura bene, ta shiga buro, wato ofis, ta zauna a teburin da ke kusa da ƙofa. Kamfanin nasu na masu fiton kaya ne. A shekarun nan suka kawo wata manhaja mai ƙwaƙwalwa da suke kira Ɗan Aike. Ɗan kasuwa zai rubuta masa a waya cewa a fitar da kayana ranar Laraba, shi kuma ya je ya yi. Amma Ɗan Aike bai taɓa taka tasha ba. Kayan aiki aka jera masa a kwamfuta: wannan na nemo kwantena, wannan na kiran mota, wannan na canza rana. Kowanne da ɗan bayaninsa, kuma bayanin nan shi ne iyakar saninsa. Aikin Khalida ta duba ta ce bayanin ya isa, ko kuwa zai kai shi ya baro.

Ga yadda take yi. Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ta zo Owendo, rumfar da muke shan shayi, ta nemi Hamadou, tsohon direban kamiyon, wato babbar mota, da ba ya karatun boko. Ta juya masa bayanin da Hausa, ta ce, “Kawu, in an ba ka wannan kaɗai, me za ka yi?” Duk tambayar da ya yi takarda ba ta amsa ba, sai ta ja jan biro. 'Yan buronsu suna dariya wai ta mayar da tsoho injin gwaji. Ita ko ta ce injin ma baƙo ne kamar Kawu, abin da aka faɗa masa kawai ya sani.

Ranar da ta karanta masa na canza rana, Hamadou ya ajiye kofi.

“'Yata, shi ke nan abin da suka rubuta? Canza rana, canza rana. To firigon fa, injin sanyin nan? Kwantenar kifi in ta ƙara kwana, wa zai ce a bar mata wuta?”

“Ba a rubuta ba, Kawu.”

“Wanda ya rubuta wannan bai taɓa jin warin kifi ba. Ki kawo shi nan mu shaƙa masa!”

Ta koma ta gwada, ta tarar abin ya fi haka muni. Da an canza rana, wurin jona wutar da aka kama wa kwantenar sai ya faɗi, sai an sake kamawa da wani kayan aikin daban. Bayanin bai ce uffan ba. Ta kai wa Ernest, shugaban sashensu, ta ce a ƙara layi biyu, a sake gwadawa daga farko.

“Madam Khalida, Litinin za mu buɗe sabon kayan aikin nan, an riga an gayyato manya. Injin ya fi tsohonki wayo, zai gane da kansa.”

“Shef, sau ashirin na gwada shi, sau goma sha bakwai bai gane ba.”

“Ki sa hannu, a gyara daga baya. Kin san katin zamanki a kan aikin nan yake, ko?”

Ta sani. 'Yar Garwa ce, baƙuwa a ƙasar nan, kuma wa'adin katin ya kusa. Ta mayar wa biron murfinsa, ta ce, “Hannuna ba zai hau ba.” Wani ya sa hannu. Aka rubuta mata cewa tana kawo cikas, aka sallame ta.

Sai ga Justina, mai sayar da kifi a Nkembo, motarta ta lalace, ta ce wa Ɗan Aike a ɗaga mata ranar ɗaukar kwantenarta zuwa Asabar. Ya ɗaga, har da gaya mata komai ya yi daidai. Kwana uku kwantenar na zaune a rana ba wuta. Da aka buɗe, har masu gadi sai da suka gudu. A makon 'yan kamfanin suka ƙara layi biyun, kalma da kalma yadda Khalida ta rubuta, ba su ambaci sunanta ba.

Khalida, ke ce kika ɗauki tambayar direba da daraja a gidan da ba a ba direba kujera. Ke ce mai jan biro. Kwantena nawa suka fita lafiya a shekarun nan saboda ke, ba wanda ya sani, don kayan da bai ruɓe ba ba ya wari. Mun gode. Allah ya saka miki, tunda su ba su saka ba.

Ku kuma da kuke rubuta wa injina bayani a cikin sanyin buro, ku yi koyi da ita. Ku sauko ku karanta wa wanda ke ɗaukar kayan. In ya yi tambaya, rubutunku bai ƙare ba.

Katinta ya ƙare a watan jiya, ba takardar aiki, ba a sabunta ba. Hamadou ne ya kai ta filin jirgi da akwati biyu. 'Yarta da ke ajin ƙarshe a nan ta bar makaranta saura wata huɗu jarrabawa, ta bi ta Garwa.