Kwalaben Khairiyya

Khairiyya Harun shekarunta ashirin da biyu, ɗaliba ce a ajin ƙarshe na jami'a, kuma 'yar Alhaji Harun ce, dillalin shanu a unguwar Fezzan.

Karatun da take yi ba shi da suna guda a bakin mutanen gidansu. Digiri ne da aka haɗa kimiyya iri-iri a cikinsa: sinadarai, halittu, lantarki da maganaɗisu, sai ilmin ƙasa da duwatsu. Mahaifinta ya taɓa tsare ta a tsakar gida.

"Likita za ki zama?"

"A'a, Abba."

"Injiniya?"

"A'a."

"To idan an tambaye ni a kasuwar shanu me zan ce?"

"Ka ce ina duba ruwa."

Ya yi dariya ya ce shanunsa ma suna duba ruwa kafin su sha, bai taɓa kai su jami'a ba.

Ruwan dai shi ne aikinta na kammala karatu. A daminar 2017 'yan gudun hijira sun cika kangayen Wulari, an haƙa masai a duk inda aka samu fili, wasu daf da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Akwai wata rijiya a bayan wani kango da ta fi tayar mata da hankali, domin a nan masu moya, wato masu sayar da ruwa, suke cika jarkoki su tura a kura su sayar gida-gida. Yara sun fara amai da gudawa a layin. Mai unguwa ya ce ba zai rufe rijiya da jita-jita ba, ta kawo masa shaida.

Kowane fanni ya ba ta kayan aiki: na'urar awo mai batir da wayoyi biyu, ƙullin farin garin gwaji, taswirar unguwa da ta yi wa alama da jan biro, da kwalaben ɗibar ruwa. A ɗakin gwaji babu mai ɗaga kai ya dube su. A kan titi kuwa, shekarar ce da ake ɗaura wa 'yan mata bam a turo su kasuwa da masallaci. Mai keke ba ya tsaya wa budurwa mai jaka. A shingen bincike mace daga nesa take tsayawa ta ɗaga hijabi.

Sau biyu tana isa jami'a a ƙafa, rana ta dafa ruwan, malaminta Dakta Thomas ya zubar ya ce wannan ba ya gwaduwa. Sai ta yi dabara. Ta naɗe kwalaben da ƙanƙara a tsumma, ta ɗaure a ƙugu da ɗankwali, ta cusa na'urar a gefe, ta saki hijabi a kai. Hannu biyu wayam, masu keke suka dinga tsayawa. Har ta yi wa kanta murna.

Ranar da ta ɗebo ruwan rijiyar bayan kango, ta tarar da sabon shinge a bakin layi. 'Yan gora ne, matasan unguwa masu tsaro, shugabansu Ba'ana, abokin yayanta Umair tun firamare, wanda ƙanensa ya rasu a tashin bam na kasuwa. Ƙanƙarar ta narke, ruwa yana ɗiga a ƙafarta, jar waya ta leƙo ta ƙasan hijabi. Wata mai sayar da ƙosai ta gani, ta bar kasko a wuta ta ruga. Kafin Khairiyya ta gane, layin ya zama fayau.

"Tsaya nan! Kada ki motsa hannu!"

"Wushe, sannu, Ya Ba'ana. Ni ce, ƙanwar Umair."

"Na san ki. Wadda ta tayar a kasuwa ma an san gidansu. Ɗaga."

Ta ɗaga a hankali. Ɗauri a ƙugu, batir, wayoyi. Wani ya ɗana bindigar farauta. Ta kwance ta shimfiɗa komai a ƙasa, taswirar ta buɗe, jan biro a kan gidajen mutane.

"Me kike karantawa?"

Ta fara lissafi: sinadarai, lantarki. Ta ji yadda kalmomin suka faɗa a kunnensu, ta katse lissafin.

"Wannan fa na kwalba?"

"Ruwa ne."

"To sha."

Haka ake yi a shinge. Mai kunu ya kurɓi kununsa, mai magani ya lasa. Ta ce masa ruwan rijiyar bayan kango ne, tana zargin cutar da ke kashe yara a cikinsa take.

"Shi muke sha kullum," in ji Ba'ana. "Ko kin fi mu ne, 'yar jami'a?"

Kwalabe biyu ne. Ta dubi bakin bindigar, ta buɗe ɗaya ta shanye. Suka jira daga nesa, ba ta faɗi ba, babu abin da ya fashe. Ba'ana ya kawar da kai ya ce ta kwashe tarkacenta, ta gai da Umair.

Ta kai ta biyun ɗakin gwaji kafin cikinta ya murɗa. Kwanakin da suka biyo baya a kan gadon asibiti ta yi su, ana ƙara mata ruwa, Alhaji Harun a bakin ƙofa da carbi, bai ƙara zancen shanu ba. Dakta Thomas ya zo dubiya ya ce ƙwayar cutar ta fito a gwaji, amma kwalba ɗaya da ta sha zafin hanya ba ta isa shaida ba. Sai an sake ɗebowa.

Rijiyar tana nan a buɗe, masu moya suna layi. An kai ƙaramar 'yar Ba'ana asibiti ranar Talata, tana amai da gudawa.

Jiya da hantsi Khairiyya ta ari farantin tallan wata maƙwabciya, ta jera kwalabe da ƙanƙara da na'urar, wayoyin a sarari inda kowa zai gani. Ta ɗora a ka, ta nufi Wulari a ƙafa. Da ta hango shingen ta tsaya daga nesa, ta sauke farantin, ta ɗaga hijabinta.